Me Ya Sa Silin Filastabod Yake Tsagewa a Mahaɗa? Amsa Ga Wata Hajiya Daga Sawaba

"Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina gina bene a Sawaba, nan Kumasi. Shekara biyu da suka wuce aka yi mini silin filastabod a falon ƙasa, a kan katako. Ba a cika wata shida ba sai ga layuka sun fito a inda alluna suka haɗu. Mai fenti ya cike su da fila, wato kwaɓin toshe tsagar bango, ya sake fenti, amma da hunturu ya zagayo suka dawo daidai inda suke. Kafinta ya ce laifin allon ne, mai fenti ya ce laifin kafinta ne. Yanzu zan yi silin ɗakunan sama. Yaya ake kafa shi don kada ya tsage? Na ƙasan kuma yana gyaruwa, ko sai an sauke shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa a shiga lafiya. Tambayarki biyu ce a haɗe, ta aikin da za a yi a sama da ta aikin da ya riga ya lalace a ƙasa, kuma amsarsu daga tushe ɗaya take fitowa. A cikin bayaninki akwai abubuwa biyu da suka fi ɗaukar hankalina: tsagar tana bin layin mahaɗa, kuma hunturu ne yake dawo da ita. Ruwa ba ya tsami banza. Tsagar da ta san lokacinta a shekara tana nuna cewa akwai abin da yake motsi a bayan allon, kuma duk fila da fentin da za a shafa a fuska ba za su tsayar da abin da yake baya ba.

Filastabod garin jifsam ne, wato wani farin dutse mai laushi, da aka daskarar tsakanin takarda biyu masu ƙarfi. Allon kansa ba ya cika kumbura ko tsukewa, shi ya sa da wuya ki ga ya tsage a tsakiyarsa. Rauninsa yana wurin haɗuwa. Idan aka gama aiki, ido yana ganin silin kamar abu guda, alhali alluna ne goma ko goma sha biyu, kowanne faɗin santimita 120 da tsawon 240, waɗanda abin da ya haɗa fuskokinsu bai wuce tef da kwaɓi mai kaurin milimita biyu ko uku ba. Da zarar allo ɗaya ya motsa ya bar ɗan'uwansa, ko da rabin milimita ne, wannan siririn kwaɓi ne zai biya. Sannan akwai nauyi, wanda masu gida ba su cika lissafawa ba. Allo mai kaurin milimita 12 ya haura kilo 20, don haka falo mai mita 5 da mita 6 yana rataye da nauyin da ya kai kimanin buhun siminti biyar, dare da rana, shekara da shekaru.

Ƙwarangwal ɗin da ke riƙe da allo

A nan ne zan daɗe, domin a cikin silin da aka kira ni gyarawa, mafi yawansu a nan cutar take.

Mu fara da katako, tunda shi aka yi miki amfani da shi. Katakon da aka yanka kwanan nan cike yake da ruwa. Ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma a cikin gida zai ci gaba da bushewa har ya sauka ƙasa da kashi 20. Tsukewar tana faruwa ne ta faɗi da kauri, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa, kuma idan zarensa ba miƙaƙƙe ba ne sai ya murɗe ko ya lanƙwashe yana bushewa. Yanayin Kumasi kuma yana ƙara wa abin ƙarfi. Muna da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, iska cike da laima, sannan daga Disamba hunturu ya sauko ya tsotse komai. Katakon da aka kafa a watan Yuni yana jiƙe zai yi babbar tsukewarsa ne a Janairu, kuma kowace shekara zai ɗan kumbura da damina ya ɗan tsuke da hunturu. Wannan shi ne lokacin da kika lura da shi.

Na taɓa faɗawa cikin wannan da kaina, a wani gida a Asawase. Mai gidan yana son a gama kafin Babbar Sallah saboda baƙi, aka kawo tubaitu, wato katako mai inci biyu da biyu, daga kasuwar katako, na ɗaga na ji nauyinsa da sanyinsa a hannu, na san bai bushe ba, amma na yarda muka kafa. Da hunturu ya shigo aka kira ni. Na hau ta ƙofar silin da tocila, na tarar da sanduna uku sun murɗe har gefensu ya ɗaga daga bayan allon, ana iya zura takarda tsakani. Na sa yarona ya tura allon da tafin hannu daga ƙasa, ina kallon tsagar tana buɗewa tana rufewa, farin gari yana zuba a kan kujeru. Aikin nan na sake shi da kuɗina, kuma tun daga ranar ban ƙara kafa allo a kan ɗanyen katako ba, komai matsin mai gida.

Idan lallai katako kike so, a saye shi da wuri, a jera shi a inuwa da ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ba shi makonni. A Sokoban, inda aka mayar da masu sana'ar katako daga Anloga, ana samun busasshe idan mutum ya tambaya kuma ya yarda ya ƙara kuɗi. Katakon da ake kira wawa, wanda ya fi yawa a aikin silin, yana saurin bushewa kuma ba ya yawan murɗewa bayan ya bushe, amma yana da laushi, ba ya riƙe sukuru da ƙarfi kamar katako mai tauri, kuma gara da ƙwaron da ke huda katako suna sonsa ƙwarai, don haka dole a shafe shi da magani ta kowane gefe kafin a hau da shi.

Shawarata ga ɗakunan sama ita ce ƙarfe, wato siraran ƙarafan silin masu rufin tutiya. Ƙarfe ba ya shan laima, gara ba ta cinsa, kuma yana zuwa a miƙe. Sai dai a kasuwa akwai mai kyau akwai na araha. Mai kyau kaurinsa kimanin rabin milimita ne. Na arahar za ki iya murɗa shi da hannu biyu kamar gwangwanin madara, sukuru yana juyawa a cikinsa ba tare da ya kama ba. Ki sa a ɗaga miki guda ɗaya ta tsakiya: idan ya lanƙwashe ƙarƙashin nauyin kansa, a bar shi a shagon. Araha ba ta ado.

Ko katako ne ko ƙarfe, tazara ita ce magana ta gaba. Ni ina sa sandunan da allo yake mannewa a kansu santimita 40 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Masu yin allo sun yarda a kai santimita 60 da allo mai milimita 12.5 idan an tokare gefunansa, amma a laimar Kumasi allo yana yin laushi kaɗan, kuma bayan 'yan shekaru za ki ga silin ya yi tudu da kwari idan hasken taga ya bi ta kansa. Allo mai milimita 9, wanda ma'aikata suke so saboda sauƙin ɗagawa, bai kamata ya wuce 40 ba ko kaɗan, kuma ni ba na sa shi a falo mai faɗi. Wani amfanin 40 shi ne tana shiga 240 sau shida cif, saboda haka ƙarshen kowane allo zai sauka a tsakiyar sanda. A nan akwai tarko: wasu alluna a kasuwa awonsu na ƙafa ne, ƙafa 4 da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Idan aka yi ƙwarangwal da lissafin 240 aka kawo allo mai 244, kafin allo na uku mahaɗa ta sauka a kan iska. A auna allon da aka saya tukuna, sannan a ja layi.

Manyan ƙarafan da ke ɗauke da ƙananan kada tazararsu ta wuce santimita 120, haka ma maratayan da ke riƙe da su daga sama. Abin da nake yawan gani, kuma yake ɓata mini rai, shi ne a rataye silin gaba ɗaya da wayar ɗaure rodi. Wayar nan tana miƙewa a hankali, tana tsatsa, kuma ja kawai take iya riƙewa. Idan guguwar farkon damina ta shiga ƙarƙashin kwano, ko aka buga ƙofa da ƙarfi a ɗakin da tagoginsa suke rufe, silin yana ɗagawa ya koma, wayar ba ta da ikon hana shi. Marataya ta gaskiya ƙarfe ne mai kusurwa ko siririn rodi mai zare, wanda yake riƙe ja da turi duka. A falon ƙasa ana kafa ta a jikin kankaren dekin da noti mai buɗewa a cikin rami, na ƙarfe. A ɗakunan sama kuwa, inda babu kankare, a rataya daga manyan katakan da ke kwance daga bango zuwa bango. Kada a rataya daga siraran katakan da aka buga kwano a kansu, domin waɗannan suna rawa da iska, suna kuma bin kwanon idan ya miƙe da zafin rana ya tsuke da sanyin dare.

Fanka da babbar fitila kowacce a yi mata nata mariƙi daga kankare ko daga babban katako, kada su taɓa ƙwarangwal ɗin silin. Girgizar fanka ƙarama ce, amma ta awa goma ce a kowace rana, kuma sau da yawa tsagar farko daga gindin fanka take tasowa.

Yadda ake jera allo da ɗaure shi

Tsawon allo ya gitta sanduna, kada ya bi su, domin allon ya fi ƙarfi ta tsawonsa. A jera su kamar yadda birkila yake jera bulo: layi na biyu ya fara da rabin allo, ta yadda kusurwa huɗu ba za su taɓa haɗuwa wuri ɗaya ba. Inda suka haɗu kamar alamar tarawa, can tsaga take fara fitowa. Haka kuma kada mahaɗa ta faɗo daidai kusurwar ƙofar silin ko kusurwar ginshiƙi. A yanke allon ya kewaye kusurwar, mahaɗar ta matsa nesa da ita da aƙalla taki ɗaya.

Alluna su taɓa juna a hankali, ba tare da an matsa su da ƙarfi ba. Ƙusa ba ta da wuri a wannan aiki, sukuru ake so: mai manyan zare na milimita 38 idan katako ne, mai ƙananan zare na milimita 25 idan ƙarfe ne. Tsakanin sukuru da sukuru kada ya wuce santimita 23 a jikin allo, da 15 a ƙarshensa, kuma kada a matso bakin allo fiye da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, don kada ya farfashe. A fara ɗaurewa daga tsakiya a nufi gefe, mutum biyu suna tallafe da allon har ya manne sosai. Kan sukuru ya ɗan nutse kaɗan ba tare da ya yaga takarda ba. Wannan ƙaramin abu ne mai girman gaske, saboda takardar ce take riƙe da nauyi, kuma sukurun da ya huda ta ya shige cikin gari daidai yake da babu. Ki tsaya ki duba allo ɗaya kafin a rufe shi da kwaɓi. Idan kika ga farin gari kewaye da kawunan sukuru, ki sa a ƙara wasu kusa da su.

Akwai wata dabara da nake yi a kowane babban ɗaki, wadda ba ta cin kuɗi. Gutsattsarin allo da za a zubar nake yankewa faɗin santimita 20, in shafa musu kwaɓi, in manna su ta baya a kan mahaɗa, tsakanin sanda da sanda. Idan suka kama, alluna biyun sun zama ɗaya ta baya, kuma ko an tura ɗaya sai ɗayan ya bi shi.

Silin mai tsawon da ya haura mita 9 ko 10, kamar na dogon baranda ko masallaci, yana buƙatar a raba shi da gangan da siririn layin motsi. Haka ma inda falo ya karya kwana ya shiga ɗakin cin abinci. A gefen bango kuma na fi son a bar 'yar tazara a rufe ta da ado, ko a cike ta da abin toshewa mai laushi irin na roba, domin bulo da silin ba sa motsi tare.

Cike mahaɗa

A nan mai fentinki yake da nasa kason. Fila ta bango da garin POP, wato farin garin da ake kwaɓawa a yi silin da adon bango, ba a yi su don mahaɗar allo ba. Suna daskarewa da tauri, ba su da abin da zai riƙe su idan aka ja. Abin da ke riƙe mahaɗa shi ne tef. Ana shimfiɗa kwaɓin mahaɗa na ainihi, a dasa tef ɗin takarda a cikinsa tun yana ɗanye, a bi da cokali a matse iska da rarar kwaɓi, a bar shi ya bushe, sannan a ƙara shafi na biyu da na uku, kowanne ya fi na baya faɗi, har ya kai santimita 25 ko 30. Tef mai raga, wanda yake mannewa da kansa, ma'aikata suna sonsa saboda sauri, amma yana ɗan miƙewa kafin ya riƙe, kuma wannan 'yar miƙewar ta isa ta nuna layi a fenti. A silin ni takarda nake sawa. Wanda ya nace sai raga, to ya haɗa ta da kwaɓin gari mai kamawa da kansa, ba na bokiti ba.

Dogon gefen allo an yi shi da ɗan kwari don tef ya kwanta a ciki. Gefen da aka yanka ba shi da wannan kwarin, don haka a ɗan fere bakinsa da wuƙa, a share ƙura, kuma duk ratar da ta wuce milimita 3 a cike ta ta bushe kafin a sa tef. Kwaɓin bokiti yana son yini guda cur tsakanin shafi da shafi, a watan Yuni ma fiye da haka. Kwaɓin da ya fara daskarewa kuma a zubar da shi, kada a ƙara masa ruwa.

Lokacin aikin ma yana da nasa hukunci, kuma tun ran gini tun ran zane. Kada a kawo allo sai an rufe kwano, an sa tagogi, filastar bango da daɓen ƙasa sun bushe. A ajiye alluna a kwance a kan abin da ya ɗaga su daga ƙasa. Mai wayar lantarki da mai famfo su gama hawa da sauka tukuna, domin mutum ɗaya da ya taka ƙwarangwal bayan an cike mahaɗa ya isa ya ɓata aikin mako guda. A ɗakunan sama ki sa a bar kafofin iska a ƙarƙashin rufi, da raga don jemage da tsuntsu, kuma idan da hali a shimfiɗa abin tare zafi ƙarƙashin kwano. Masu yin allo suna gargaɗi cewa jifsam ba ya son zama na dindindin a zafin da ya haura kimanin digiri 50, kuma tsakanin kwano da silin da rana tsaka a watan Maris wuri ne mai tsananin zafi. A banɗaki da kicin a sa koren allo mai jure laima.

Falon ƙasa

Daga nan inda nake ba zan yanke hukunci a kan silin da ban hau ba, amma ga yadda za ki gane da kanki. Ki sa wani ya tura allon da tafin hannu kusa da tsagar, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen. Idan ɗaya ya motsa ɗayan ya tsaya, babu abin da ke riƙe mahaɗar ta baya, ko sukuru sun saki. Idan babu motsi sam, ki kankare ɗan wuri da wuƙa ki duba ko akwai tef, kuma bisa abin da kika bayyana ina kyautata zaton ba za ki same shi ba. Ƙananan ƙulli-ƙulli a layi ɗaya kawunan ƙusa ne ko sukuru da katako ya tsuke ya bari. Tabo mai launin ƙasa-ƙasa ruwa ne, watakila daga bututun banɗakin sama, kuma sai an tsayar da shi kafin a taɓa komai. Amma idan tsagar ta karkace, ta ratsa tsakiyar allo, ta gangara jikin bango, ko kika ga ƙofa ta fara cijewa, wannan ya fita daga sana'ata. Maganar ginin ce kansa, ki kira injiniyan gini ya duba kafin a ɗora wani nauyi a sama.

Idan ba wannan ba ne, kina da abin farin ciki guda: katakonki ya ga hunturu biyu, ya riga ya yi mafi yawan tsukewar da zai yi. Matuƙar gara ba ta shige shi ba kuma alluna ba su yi ciki ba, ba sai an sauke silin ba. Za a buɗe ƙaramar ƙofa a kusurwar da ba ta faɗa ido, a leƙa, a ƙara marataya inda suka yi nisa da juna, a sa sanda a bayan duk mahaɗar da ke kan iska, inda hannu bai kai ba kuma a yanke ƙaramin wuri a zura katako a ɗaure shi ta fuska. Sannan a bi kowane layi da sabbin sukuru, a kankare tsohuwar fila gaba ɗaya har takardar allo ta bayyana, a fere bakin tsagar, a cike, a sa tef ɗin takarda, a yi shafi uku, a goge, a sa fentin share fage kafin na gamawa. Falo irin naki aikin kwana biyar ne ko shida, kuma yawancin kwanakin na jiran bushewa ne. Idan kuwa allon ya riga ya lotsa tsakanin sanduna, ba ya komawa daidai, sai a canza wannan ɓangaren.

Da za ki tambaye ni ko ki koma POP ko silin roba a sama, zan ce POP ma yana tsagewa idan abin da ke riƙe da shi yana motsi, kuma ya fi wahalar gyara. Silin roba ba shi da mahaɗar da za ta tsage, ya dace da baranda, amma ba ya tare wuta da ƙara kamar jifsam. A ɗakin kwana ni filastabod zan zaɓa. Abin da nake roƙonki shi ne ki raba biyan kuɗin aikin gida uku, kuma ki hau da kanki sau biyu: ranar da aka gama ƙwarangwal kafin a ɗora allo ko ɗaya, da ranar da aka gama ɗaure alluna kafin a buɗe bokitin kwaɓi. A hawan farko ki tafi da tef ɗin awo, ki auna tazarar sanduna a wurare uku ko huɗu, ki kama ɗaya ki girgiza, ki kuma sa a ja igiya daga bango zuwa bango a ƙarƙashinsu ki ga ko duka sun taɓa ta.